Taɓarya ta Uku

Shekarun baya, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, a bazarar da ta biyo bayan farin tamanin da huɗu, wani abu ya faru da ni da yayana wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Jiya ɗiyar maƙwabciyata ta shigo tana ba ni labarin wahalar da mijinta ke sha da karatun doktora, shi ne abin ya dawo mini sabo, na ce bari in zauna in rubuta muku.

Mu biyu ne muka rayu a wajen mahaifiyata: yayana ɗan fari, sai ni auta, tsakaninmu shekara tara. Garinmu ƙaramin ƙauye ne arewa da Mayahi, ta wajen Attantane. Ni na yi kwalej a Tasawa, ina gamawa na yi aure da wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, na zauna a nan. Yayana kuwa karatu ya yi ta jan sa, daga Maraɗi zuwa Yamai, har gwamnati ta ba shi burs, wato kuɗin karatu, ya tafi Kanada. Abin da ya je karantawa shi ne tsara kiɗa. Gidanmu ba gidan roƙo ba ne, manoma ne, kakanmu ma liman ne, don haka in an tambayi mahaifina a kasuwa sai ya ce "boko yake yi," ya juya zancen zuwa farashin wake. Mahaifiyata ba ta taɓa cewa komai ba. Da ma ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake zaune. "Wancan" take ce masa. In ya zo hutu sai ta dama fura ta ajiye masa a bakin ƙofa, ta wuce kamar ba ita ba.

Ni ce marubuciyar gida. Mahaifina ya aiko da saƙo ta bakin masu zuwa kasuwar Tasawa, in rubuta, in kai gidan waya. A cikin amsoshin yayana na fahimci karatun nasa, gwargwadon kaina. Shekara biyu ana zaman aji: ana koya musu yadda ake haɗa muryoyi, da yadda ake raba wa kayan kiɗa aiki, akwai ma wani darasi da malami zai buga abu sau ɗaya, kai kuma ka rubuta shi da ɗigo-ɗigo a kan layi biyar, kamar ƙuda ya yi ɓarna a takarda. Bayan nan sai babbar jarrabawa, ta rubutu da ta baki, wanda ya faɗi sau biyu an sallame shi. Wanda ya haye sai ya tsara kiɗa nasa na kansa mai tsawon rabin awa, ya rubuta littafin bayaninsa, ya tsaya gaban manyan malamai su yi ta yi masa tambayoyi. Wannan tsayuwar ita suke kira sutnans.

Saura wata biyu babbar jarrabawar nan mahaifiyata ta rasu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ina ɗauke da jaririya na je zaman makoki. Ranar uku mahaifina ya kira ni zaure.

"Auta, kar ki rubuta mashi."

"Baba, uwatai ce fa."

"Na san wadda ce. In ya ji, barin karatun zai yi ya taho, kuma ba iske ta zai yi ba. Bari ya gama jarrabawa."

Na bi umarni. Sai dai da na zauna rubuta takarda ta farko, na karanta ta, sai na ga kamar babu Inna a ciki, kamar kowa zai gane. Sai na ƙara layi ɗaya a ƙasa: Inna na gaishe ka, ta ce tana kewarka, tana sa maka albarka. Ni a tunanina wayo na yi. Na liƙe takarda ina istigfari. Ya ci jarrabawa, na aika wa Baba cewa lokaci ya yi, ya ce a bari dai ya zo. Sai damina ta ƙi, hatsi ya bushe a tsaye tun bai yi kai ba, hankalin kowa ya koma kan abin da za a sa a baki. Aka yi wata goma sha ɗaya a haka. Takarda bakwai na rubuta, kowace da gaisuwar Inna a ƙasa.

Wata la'asar ina tankaɗe sai na ji sallama. Yayana ne tsaye a zaure, da jaka a kafaɗa da wani ƙaramin akwati a hannu. Na kawo ruwa bai karɓa ba, na shimfiɗa tabarma bai zauna ba.

"Auta, yaushe ta rasu?"

Na ajiye kwanon ruwan, na ce, "Wa ya faɗa maka, Yaya?"

"Ke."

"Ni?"

"Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa aiko mini da gaisuwa ba. Ko a gabanta na durƙusa, bango take kallo ta amsa. Sai ga takarda wai Inna na kewata. Na karanta sau uku, na san ba bakinta ba ne."

"To mi ya hana ka tambaya?"

"Tsoron amsar. Da takardar a aljihu na shiga jarrabawa."

Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Da mijina ya dawo daga lakwal ya zaunar da shi, a nan muka ji sauran. An ba shi wata uku ya zo gida ya ɗauki sautin da zai gina kiɗansa a kai, kuma abin da ya gabatar wa malamansa suka amince shi ne luguden mahaifiyata, wanda take yi da gwaggonmu da wata aminiyarta da muke kira Iya. Akwatin nan na'urar ɗaukar murya ce. In bai koma da aiki a hannu ba kafin a buɗe makaranta, za a yanke burs, shekara uku sun tafi.

"Da ita na tsara komai," in ji shi. "Ba ni komawa."

Mijina ya yi masa nasiha har bakinsa ya bushe, ya kawo masa ayoyi, ya kawo masa misalai. Yayana ya saurara da ladabi, ya tura akwatin ƙarƙashin gado da ƙafa. Ni kuwa abu ɗaya ke cin raina. Na hana shi makokin uwarsa, na yi ƙarya da sunan mamaciya har sau bakwai, duk don ya gama karatun nan. In bai gama ba, mi zan ce wa Allah na yi abin dominsa?

Bayan kwana biyu muka kama hanyar gida, ya je ya gaida Baba ya ga kabari. Na zare na'urar daga akwati na naɗe ta cikin zannuwan jaririya bai sani ba. Mijina ya ba mu ɗan buhun hatsi na tsaraba. Mota ta kai mu Mayahi, daga nan muka samu amalanke, jakin da ke jan ta ana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

Na san an yi fari, a Tasawa ma muna ganin masu gudun yunwa a bakin kasuwa, amma ban san abin da ya yi wa ƙauye ba sai ranar. Gonaki fayau, ko kara babu, an tsince an ba dabbobi. Nan da can ka ga fatar saniya ta bushe a kan ƙasusuwanta kamar an shimfiɗa. Mun shiga gari da hantsi, lokacin da kowane ƙauye ke ɗaukar ƙarar daka ta ko'ina. Babu. Ba zakara, ba akuya, ba kukan yaro. Rabin gidajen an toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun yi kudu. Rumbunan gari kuwa suna jere can bayan gari inda aka saba gina su, an kware musu jinka, bakinsu a buɗe yana kallon sama. Ƙarar ƙafar amalankenmu kaɗai nake ji, har na ji kunyar ta.

Mahaifina ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Yayana ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa ta'aziyya, bai tayar da maganar takardu ba. Suka tafi maƙabarta su biyu. Ni kuma na ɗauki hatsin na nufi ɗakin Gwaggo, na iske ta da Iya suna sauya wa anza, ƴaƴan itacen dajin nan, ruwa don ɗacinta ya fita, ita ce abincinsu tun watanni. Gwaggo ta buɗe buhun, ta tura hannunta ciki har gwiwar hannu, ta daɗe ba ta fitar ba. Na faɗa musu abin da nake so.

Iya ta ce, "Ɗiyar nan, daka dai ko ba ki roƙa ba yi za mu yi. Yunwa muke ji."

Wurin dakansu gindin wani gawo ne a gefen gari, yana fuskantar rumbunan nan daga nesa. Nan suka yi shekara talatin suna haɗuwa su uku. Aka mirgino turmi. Yayana da ya dawo daga maƙabarta ya ga na'urar a cinyata, ya dube ni ya ce, "Yi abin da kika ga dama," ya je can ya zauna a kan wani kututture ya ba mu baya. Na danna maɓallai biyun da na karanta a takardar bayani, na miƙa abin maganar wajen turmi.

Suka fara. Gwaggo ta buga, Iya ta buga, sai shiru. Gwaggo, Iya, shiru. Da farko na zaci gajiya ce da yunwa. Sai na lura da tsayuwarsu. Ba su fuskanci juna ba yadda mata biyu ke yi, sun raɓe gefe guda, sun bar fili a bakin turmin daidai faɗin mutum ɗaya, kuma babu wadda ta kai idonta wurin. Gwaggo ta ɗauko waƙa, Iya ta amsa, aka zo inda ta uku za ta karɓa suka yi shiru tare, suka jira har layin ya wuce, sannan Gwaggo ta ci gaba. Rana tsaka, ba iska, ba tsuntsu, sai bugu biyu da wannan jiran.

Na hango yatsun yayana suna ƙirga a kan gwiwarsa. Mai irin karatunsa ba ya iya jin abu a karkace ya yi shiru. Ya taso.

"Gwaggo, ku biyu ne, ku haɗe mana. Mi kuke jira?"

"Ba a haɗewa."

"Saboda mi?"

"Gurbin uwarku ne. In ɗaya ta tahi, ba a rufe mata wuri sai ɗiyarta ta zo ta karɓi taɓarya. Haka muka taras." Ta juyo ta dube ni.

Na yi kamar jaririya na motsi, na sunkuya ina gyara mata goyo. Gaskiya ita ce sun faɗa mini tun a zaman makoki, na ce sai bayan arba'in. Arba'in ta wuce ban zo ba. Duk sanda na tuna turmin sai in tuna takardun, in ji ba ni da fuskar tsayawa inda ta tsaya. Ban da haka ma, ni ɗiyar kwalej ce, ban taɓa iya lugude ba, a Tasawa inji nake kai wa.

Washegari muka juyo, yayana bai sake maganar ba. A mashigar Mayahi akwai shingen jandarma, zamanin ko'ina akwai shi. Aka sauke mu, aka kwance ƙunshina, sai ga na'ura. Lokacin nan a gan ka da abin ɗaukar murya ka fito daga ƙauyen da ake yunwa ba ƙaramar magana ba ce. Yayana ya harare ni, ya zaro takardar izini da aka ba shi a Yamai daga aljihun gaba. Ko a cikin tsoron na lura bai yar da ita ba. Jandarman ya karanta, ya juya ta, ya ce, "Kunna mu ji abin da ke ciki."

Muna tsaye a rumfar zana yayana ya mayar da kaset baya ya kunna. Da jin daka fuskar jandarman ta saki. Ya ce shi mutumin wajen Korgom ne, rabonsa da jin lugude tun bara. Yana gyaɗa kai yana buga ƙafa.

"Ta ukun nan tsohuwa ce ko? Hannunta na jinkiri."

Yayana ya ce, "Su biyu ne."

"Haba malam, ni ma ɗan ƙauye ne. Saurara." Ya ɗaga yatsu yana lanƙwasawa. "Ɗaya, biyu, uku. Ɗaya, biyu, uku."

Muka kasa kunne. Gwaggo ta buga, Iya ta buga, sai wani bugu a inda muka bar shiru. Bai kai nasu ƙarfi ba, kamar daga bayan katanga, kuma yana zuwa a ɗan makare. Ni ce na riƙe abin maganar, ina zaune taku uku daga turmin, na rantse ban ji shi a wurin ba. Jandarman ya miƙo takarda ya ce mu gaida tsofaffin, musamman ta ukun, Allah ya ƙara mata ƙarfi. Ban san yadda na hau amalanke ba.

Ba mu wuce Tasawa ba ranar. Muka sauka gidan wani abokin mijina a Mayahi. Bayan la'asar yayana ya kira ni inuwar katanga, ya fitar da wani kaye na rubutu daga jakarsa, duk ɗigo-ɗigon nan ne, da rubutun jan bik, wato biro, a gefe. Wannan ne karo na farko da ya yi mini doguwar magana tun zuwansa.

"Kafin in tahi na taɓa ɗaukar su su uku. Shekarata ta farko a Kanada aka ba mu aiki, kowa ya rubuta wani kiɗa da kunnensa, na rubuta wannan. Malamin ya ja mini jan layi a nan, ya ce bugu na uku na rubuta shi a makare, ban iya ƙirga ba. Na kawo mashi kaset ya saurara, ya ba ni haƙuri. Kin tuna kafaɗar Inna?"

Na tuna. Ta taɓa faɗuwa a bakin rijiya tun ina ƙarama, hannun damanta bai ƙara ɗaguwa da sauri ba.

Ya ɗora yatsa a kan takarda, ya kunna kaset ɗin jiya, yatsan na tafiya tare da sautin. Ko ni da ban san karatun ba na ga inda ɗigo yake nan bugun ke faɗowa. Sai ya tsayar.

"Akwai wani abu. In an zo ƙarshen baiti, mi Inna ke yi?"

"Cilla taɓarya sama take yi ta tafa, ta bar bugu ɗaya ya wuce."

Ya zare kaset, ya sa bik a ramin ya mayar da shi baya da hannu don kar pil, wato batir, ya ƙare, ya mayar ya kunna. Aka zo ƙarshen baiti. Gwaggo, Iya, sai shiru. Ba tafi, ba komai, bugu na ukun dai ya ɗauke sau ɗaya, sannan ya dawo. Baiti na biyu haka. Na uku haka.

Na fara karanta duk abin da ya zo bakina. Na ce, "Yaya, mamaci ba ya dawowa."

"Na sani, Auta."

"To mi ne ne wannan?"

"Gobe mu koma."

Da safe muka sake bin hanyar nan. Muna isa ya wuce gindin gawo kai tsaye, ya sa aka kawo turmi, ya ɗauki taɓarya da kansa. Gwaggo ta riƙe baki, Iya ta ce, "Ashe abin da ake koya muku ke nan a ƙasar Turawa, da mun sani da mun aika ka da tsakin hatsi." Ya ce kowa ya yi shiru, ya buga sau ɗaya. Muka jira. Daga can wajen rumbuna wani abu ya amsa, a hankali, wanda in ba kana jiran sa ba ba za ka ji ba. Ya sake bugawa, ya sake amsawa.

Ya yi mini bayani. Rumbu in yana cike da damman hatsi ba ya amsa kuwwa, bana ne suke wofi, sun zama kamar ganguna. Amsar bugun Gwaggo tana dawowa daidai lokacin da Iya ke bugawa, sai ta ɓace a ciki. Amsar bugun Iya ita ce ke faɗawa cikin shirun. Kunnenmu bai kama ba saboda waƙa, na'ura kuwa ba ta zaɓe. Na sauke wata ajiyar zuciya, na yi hamdala a fili.

Ya tsaya yana kallon rumbunan. Ya ce, "Saura ƙarshen baiti. Can ma Iya ta buga. Ya kamata su amsa."

"To mi ya hana?"

"Ban sani ba."

Gwaggo ta karɓe taɓaryar daga hannunsa. "Ku ƴan lakwal kun cika tone-tone. Mu ba mu ji komai ba, ba mu kuma son ji. Abin da na sani, an bar baiwar Allah a tsaye wata goma sha ɗaya don ɗiyarta na jin kunyar taɓarya."

Ni dai abin da aka karantar da ni, wanda ya rasu yana inda Allah ya ajiye shi, ba ya tsaye a bakin turmin kowa, kuma a kan haka nake har gobe. Amma maganar ta shige ni. Iya ta tafi ta dawo da taɓaryar mahaifiyata da aka soke a rufin ɗaki, tsakiyarta ta yi sumul saboda riƙo. Na kwance goyo na miƙa wa yayana jaririya. Ya karɓe ta a hannu ɗaya, ya zauna, ya jawo na'urar da ɗayan, ya danna maɓallan ba wanda ya roƙe shi.

Na shiga filin nan da suka bari. Na yi bismilla. Gwaggo ta buga, Iya ta buga, na kai tawa na daki taɓaryar Gwaggo, hatsi ya fantsama. Iya ta durƙusa tana tsince shi ƙwaya-ƙwaya daga cikin rairayi.

"Kwalej ba ta koyar da wannan?" in ji Gwaggo.

"A yi haƙuri, Gwaggo."

"Ba haƙuri za ki ba ni ba, kunne za ki ba ni. Daina kallon turmi. In kin ji tawa, kin ji tata, sai ki saki."

Sau biyu na sake ɓatawa. A na huɗu hannuna ya faɗa ciki. Aka ɗauko waƙa, aka zo layin da suke bari, suka yi shiru suna kallona. Ashe ina da shi a kai, tun ina goye nake jin sa. Na karɓa, hawaye na zuba cikin turmi, ba wadda ta tsaya lallashi na, daka muke yi. Har muka kai ƙarshe.

A nan gindin gawon yayana ya mayar da kaset ya kunna, mu huɗu muka kewaye shi. Bugu uku ne, na Gwaggo, na Iya, da nawa mai rigegeniya. Babu wani abu bayansu. Ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye, jaririya na barci a ƙirjinsa.

"Kin cika gaggawa, Auta," ya ce. Sai ya juya. "Gwaggo, maimaita mini baitin farko sannu-sannu. Auta, ɗauko bik, rubutunki ya fi nawa kyau."

Sati shida ya yi tsakanin ƙauye da Tasawa, shi yana ɗigo-ɗigonsa ni ina rubuta kalmomi. Ruwan farko ya sauka kwana uku kafin ya tafi.

Bayan shekara biyu ya yi sutnans ɗinsa ya haye, ya aiko mini da kaset na ranar da aka buga kiɗan. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban gane yawancinsa ba. Mijina ya ce kamar an shiga garejin gyaran mota. Amma tun daga farko akwai bugu biyu da shiru, makaɗa wajen arba'in duk su tsaya su jira, sannan su ci gaba. Sai can kusa da ƙarshe na uku ya shigo, a gaggauce, yana tuntuɓe, yana neman taka na gabansa. Ya ce ɗaya daga cikin malaman ya tambaye shi ko kuskure ne, ya ce a'a, ƙanwarsa ce. Kun ji yadda rashin iya dakana ya shiga littafin doktora.

Tun daga lokacin ban ƙara yarda a ɓoye wa mutum rasuwar nasa ba. An sha zuwa wajena, yaro na jarrabawa, ko mace na da ciki, a ce in taya a rufe. Ina ce musu a nemi mai taushin baki ya faɗa masa, a zauna da shi, amma a faɗa. Mutum na da haƙƙin ya yi wa uwarsa addu'a ranar da aka sa ta a ƙasa. Mahaifina da kyakkyawar niyya ya yi, ni ma haka, Allah ya gafarta mana. Na nemi gafarar yayana baki da baki kafin ya hau mota, ya ce ya yafe, amma ya ce akwai wata goma sha ɗaya da ba wanda zai iya mayar masa, kuma gaskiya ya faɗa.

Kaset na farkon nan, wanda jandarma ya sa aka kunna, bai tafi da shi ba. Ya ce ba zai iya sa abin da bai gane ba a cikin littafi, ya bar mini. Yana ƙasan akwatina cikin wani tsohon kallabi. Gwaggo da Iya da Baba duk sun rasu, Allah ya jiƙansu, rumbunan ma an daɗe da rushe su. Ƴaƴana sun sha cewa in ba su su kai a juye shi a waya kafin ya lalace. Kullum sai in ce sai wani lokaci. Ban sake kunna shi ba tun ranar Mayahi, kuma har yanzu ban tantance wanne na fi tsoro ba, in kunna in ji bugun nan, ko in kunna in iske babu shi.